Tocila a Baki

Likitan haƙori ya zare safar hannunsa ya jefa a kwandon shara, sannan ya ce, "Baba, daga yau, ban da abinci, kada ka ƙara sa komai a bakin nan."

Jemage ya lalubi sababbin haƙoransa da harshe. Na roba ne, jeri guda a sama, sun yi fari fiye da kima kamar an aro su daga bakin saurayi. Ya ce, "To da me zan riƙe tocila?"

"Da hannu mana, kamar kowa."

"Hannu biyu Allah ya ba ni, likita. Ɗaya na filaya, ɗaya na waya."

Likitan ya juya yana wanke hannu. "Ka ciji ƙarfe da waɗannan, su tsage. Ka ciji roba, su goce. Na ƙasan da suka rage ma girgiɗi suke yi. Ni dai na gaya maka."

Jemage mai wayarin ne, wato mai sa wayoyin lantarki a gidaje, kuma sunan ya bi shi ne daga inda yake wuni. Rabin rayuwarsa a cikin silin ya yi ta, tsakanin kwano da katako, inda ko da rana tsaka duhu ne, ga zafi kamar an rufe mutum a tukunya. Tun yana koyon aiki ya saba da sa tocila a baki ya bar hannayensa su yi abin da ya kawo su. Inda ya juya kai, nan haske yake zuwa.

Tare suke aiki da ƙaninsa, wanda kowa ke kira Rediyo. Rediyo bai taɓa hawa silin ba. Yana yaro jiri ke ɗibarsa a kan tsani, da ya girma kuma tumbi ya zo ya rufe maganar. Aikinsa a ƙasa yake: shi ke samo aiki, shi ke lallashin masu gida, shi ke tsayawa a gaban akwatin wuta da hannu a kan babban makunni. Ba su taɓa zama sun tsara yadda za su riƙa yi ba, abin ne ya tsara kansa. Mai tocila a baki ba ya magana. Saboda haka muddin sama shiru, Rediyo ya san yatsun yayansa na kan waya. Da ya ji muryarsa, ya san an zare tocila, an gama, sai ya tura makunni wuta ta dawo. Tun kafin a haifi 'yar autan Jemage suke haka, ga ta yanzu tana aiki a kantin magani.

Ita Autar ce ma ta jawo, ba da nufi ba. Tsohuwar tocilarsa 'yar roba ce mai batir ɗaya, gindinta duk sawun haƙori, naɗe da baƙin salatif. Da ta mutu aka nemi irinta aka rasa, wai an daina yi. Auta ta sayo masa ta ƙarfe, kyakkyawa, mai haske kamar fitilar mota. Bai daɗe da ita ba ƙafarsa ta zame a silin wani gida, haɓarsa ta bugi katako, ƙarfen ya yi abin da roba ba ta taɓa yi ba. Ya sauko da haƙoransa a tafin hannu.

Daga asibitin ya wuce shago. Shagon nasu ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene: kanta ɗaya, benci ɗaya, kwalayen soket da ƙwayayen fitila, sai tsani jingine da bango. Rediyo na ganinsa ya miƙe.

"Iye! Yaya, kai ne? Yi murmushi in gani. Wallahi ka koma saurayi. Sai dai a ɗauke ka hoto a liƙa a kwalin man goge baki."

"Ka gama?"

"Ban ma fara ba." Rediyo ya koma ya zauna, ya sosa ƙeya. "Hajiya mai shagon ɗinki ta sake kira. Layin kekunan baya har yanzu ba wuta, rabin telolinta zaman banza suke yi. Na ce mata jibi." Ya ɗan dakata, abin da ba ya yawan yi. "Na yi magana da Dogo."

Dogo mai wayarin ne a layin bayansu, ba shi da shago, ba ya kuma ƙin aiki.

"Ya ce zai riƙa hau mana. Kai ka zauna nan ka riƙe kanta, ka huta na ɗan lokaci. Ai ka yi naka, Yaya."

Jemage ya dubi bencin. Ya ga masu sana'a da yawa da aka ce su zauna su huta na ɗan lokaci, bai ga wanda ya tashi ba. Ya kuma san yadda abin yake tafiya. Idan Dogo ya hau sau ɗaya, masu gida za su karɓi lambarsa, daga nan shi Jemage ya zama tsohon nan mai sayar da ƙwan fitila.

Ya ce, "Jibi ni zan hau."

"Da wane bakin?"

"Ka bar ni da bakina. Kai ka ji da naka."

Washegari Auta ta nemi izini a wurin aiki ta raka shi kasuwa. Tun da abin ya faru take ɗawainiya da shi fiye da yadda yake so, ya kuma san dalili, shi ya sa bai hana ta ba. Rumfar mai tocila tana can ƙurya, bayan masu agogo. Mutumin yana da wani babban kwali a gefen kanta, ya shafe cikinsa da baƙin fenti, ya huda ƙofa daidai kan mutum, don mai saye ya ga haske da rana. Ya zube musu tocila iri-iri a kan kanta, duk ƙanana, irin na aljihu.

Ya ce, "Maigida, ta me kake so? Ta gida, ta mota, ta gadi?"

"Ta baki."

Mai tocila ya dubi Auta. Ta ce, "Kada ka damu, nuna masa kawai."

Jemage ya ɗauki siririya mai kama da biro. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Kafin kowa ya yi magana ya kai ta baki, ya riƙe ta da leɓɓa kawai, ya cusa kai a kwali. Hasken bai fi faɗin murfin kwalba ba. Bai daɗe ba leɓɓan suka fara rawa, tocilar ta sunkuya tana haska ƙirjinsa, miyau ya biyo ta. Ya gwada cije ta kaɗan. Haƙoran sama suka saki dasashi suka ce ƙwas.

Mai tocila ya ce, "Maigida, nan ba gidan abinci ba ne fa. Wadda ka ɗanɗana ta zama taka."

"Baba, likita ya hana," in ji Auta.

"Likita ba ya hawa silin." Ya goge tocilar da bakin riga ya ajiye gefe.

Auta ta ɗauko wata gajeriya mai kauri, ta ƙarfe, ta buɗe wayarta tana karanta masa abin da aka rubuta a kanta: ƙarfin haskenta, nisan da take kaiwa, da cewa ko ta faɗa ruwa ba ta mutuwa. Jemage ya kunna ta a cikin kwali ya fito yana ƙifta ido.

"Wannan ta neman akuya ce a daji. A silin abin da nake dubawa bai wuce tsawon hannuna ba. Ki haska wannan a kwano, ya dawo miki da shi a ido, ki yi ta ganin taurari. Kuma haskenta shuɗi-shuɗi ne. Jar waya da ruwan ƙasa duk ɗaya za su zama." Ya taɓa kanta da yatsa. "Ji, har ta fara zafi."

"To wannan fa?" Mai tocila ya miƙo wata baƙa. "Haske kala-kala gare ta."

Jemage ya danna, ta kawo. Ya sake dannawa don ya kashe, ta rage haske. Ya sake, ta kama walƙiya kamar motar asibiti. Ya miƙa masa abarsa tana ta ƙyaftawa.

"Ni tocila nake nema, ba abokin gardama ba. Ina da shi a shago."

Akwai wata mai maganaɗisu a gindi, mai tocila ya manna ta a ƙarfen rumfa ya saki hannu yana murmushi. Jemage ya ce silin katako ne, kwano kuma yana sama da kansa, in ya manna ta can ƙeyarsa za ta haska. Akwai wata da ake maƙalawa a bakin hular hana sallah, amma da ya sunkuya hular ta zamo ta rufe masa ido. Aka zo kan masu caji. Auta ta dage a kansu, ta ce ba ruwansa da neman batir.

Jemage ya ce, "Mai batir tana da ladabi. Idan za ta tafi sai ta yi ja, ta dusashe, ta ba ka lokaci ka lallaɓa ka nemi ƙofa. Mai caji ba ta sallama. Kana tsakiyar katako, ɗif."

Sun daɗe a haka. Rana ta zagayo ta shigo rumfar, mai tocila ya daina murmushi, Auta ta mayar da wayarta jaka. Jemage da kansa ya gaji da jin muryarsa tana kushe kayan mutane. Ya san babu laifin ko ɗaya daga cikinsu. Duk an yi su ne don mai hannu a sake ko mai haƙori.

Mai tocila ya durƙusa ya jawo wata daga ƙarƙashin kanta. Mai igiyar roba ce da ake ɗaurawa a goshi, tana cin ƙananan batir, makunninta ɗaya, kunnawa da kashewa.

Jemage ya ce, "Ta masu kamun kwaɗi."

"Su ma aiki suke yi, Baba," in ji Auta. Muryarta a gajiye take.

Ya ɗaura, ya cusa kai a kwali. Hasken fari ne mai ɗan ja, shimfiɗaɗɗe, bai yi yawa ba. Ya juya kai hagu, ya bi shi. Ya juya dama, ya bi shi. Ya ɗaga hannayensa biyu a cikin kwalin ya dube su, ya rufe baki, ya buɗe. Ya daɗe a ciki kafin ya fito.

Ya ce, "Igiyar tana matse kai."

Mai tocila ya ce, "Ana sassautawa. Maigida, don Allah ka ce ta yi."

Suka taho da ita, da siririyar da ya ɗanɗana.

A gida ya shiga ɗakin ajiya ya rufe ƙofa, ya zauna a kan buhu yana murɗa guntayen waya. Hasken daga goshi yake saukowa, ba daga baki ba, don haka inuwar yatsunsa tana faɗawa inda bai saba ba, sai ya sunkuyar da kai fiye da da. Ya ga abu ne da za a iya koya. Matarsa ta buɗe ƙofa za ta ɗebi albasa, ya ɗago ya dube ta, ta kare fuska da hannu.

"Haba maigida! Makanta ni za ka yi? Haƙora sababbi, ido na uku a goshi. Ni kam ban san wa aka dawo min da shi daga asibiti ba."

Shagon ɗinkin Hajiya dogon zaure ne a wani tsohon gini, kekuna layi biyu, ƙasa duk ƙyalle da zare. Akwatin wutar yana bango kusa da ƙofa, irin na da ne, na ƙarfe, mai hannu a gefe da fis na tangaran a ciki. Suka iso da hantsi, Rediyo na gaba yana gaishe-gaishe, Jemage na baya da tsani a kafaɗa.

Hajiya mace ce mai tabarau da tef ɗin awo rataye a wuya. Ta ce, "Sannunku. In kun kashe wuta duka shagon zai tsaya, don haka ku taimake ni ku yi sauri. Kayan 'yan makaranta ne a hannuna, iyaye sun hana ni sakat."

"Hajiya, kafin ki zare allura mun gama," in ji Rediyo. Ya kama hannun makunnin ya ja ƙasa. Kekuna suka yi shiru, fankoki suka ci gaba da juyawa a hankali har suka tsaya. Teloli suka miƙe suna miƙa. Wani daga cikinsu ya hango abin da ke goshin Jemage ya ce, "Baba, rijiya za a haƙa mana?" Aka yi dariya. Jemage ya kafa tsani a ƙarƙashin ƙofar silin ya hau.

Ciki kamar kowane silin ne: ƙura mai laushi, yanar gizo, kashin ɓera, kwano yana huci. Ya bi katako da gwiwa da tafin hannu, ba ya taka allo. Tocilar ta yi aikinta. Ya bi wayar layin baya har ya iske inda ta lalace, wani tsohon haɗi da aka naɗe da leda maimakon salatif, ya ƙone ya rabu. Ya sa testa ya gwada, ba wuta. Ya yanke wurin da ya ƙone, ya feƙe bakin wayoyin, ya fara haɗawa.

Abin da ya ba shi mamaki bakinsa ne. Bai san inda zai ajiye shi ba. Muƙamuƙinsa ba ya ciwo, miyau ba ya zuba, yana iya haɗiye yawu lokacin da ya ga dama. Yana numfashi ta baki kamar mai tafiya a titi.

Daga ƙasa muryar Rediyo na tasowa ta cikin allo, kamar kullum. Shekara da shekaru Jemage yana jin ta daga sama. Ya ji ƙaninsa ya ba masu gida labarin aurensa, da na rashin lafiyar mahaifiyarsu, da ƙarya iri-iri a kan manyan gine-ginen da wai suka yi wa wayarin. Bai taɓa tankawa ba, don ba hali, in ya sauko kuma maganar ta riga ta wuce.

Yau Hajiya ce ta tambaya. "Wai ba shi ne aka ce ya faɗi kwanaki ba?"

"Shi ne, Hajiya. Taurin kai ne kawai. Jiki ya gaya masa, likita ya gaya masa, ni na gaya masa. Gwiwa ta tafi, ido ya fara, haƙori kuwa sai na kanti. Na bar shi ne ya hau wannan don ya huce, kin san tsoho da rigima. Daga wannan shi ke nan. Akwai wani Dogo, in kin sake samun matsala shi zan turo miki, yanzu ma zan ba ki lambarsa…"

Jan ƙarfen wayar na tsakanin yatsun Jemage, yana murɗa shi. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Baki ne a sake, magana ta zo, ta fita.

"Ƙarya kake yi, Rediyo! Ba ka ba ta lambar kowa!"

Wutar ta shiga ta babban yatsa ta doki gwiwar hannu ta kama kafaɗa. Hannun ya dunƙule a kan wayar ya ƙi saki, haƙarƙarinsa ya ɗaure. A ƙasa fitilu suka kawo, kekuna suka yi gurnani, sai kuma komai ya ɗauke. Jemage ya tafi da baya, ƙafarsa ta dama ta fasa allo ta leƙa cikin shago har gwiwa, ƙura ta zubo a kan rigunan makaranta.

Ya ji ihun mata, ya ji kujera ta faɗi, ya ji ana salati. Ya ji Rediyo yana kiran "Yaya! Yaya!" da wata murya da bai san shi da ita ba. Ya kwanta a kan katako yana kallon kwano, hasken goshinsa ya yi da'ira a kai. Zuciyarsa na bugawa ba bisa ƙa'ida ba, sannan ta daidaita. Ya motsa yatsu, suka motsa. Fatar babban yatsa da manuni ta yi fari ta tashi.

Ya ce, "Ina nan." Maganar ta fito a lauye. Ya kai harshe sama ya ji dasashi.

Ya zaro ƙafarsa daga ramin, ya juya a kan gwiwa yana haska tsakanin katako. Can ya hango haƙoran kusa da wani tsohon gidan zanzaro, suna murmushi su kaɗai a cikin ƙura. Ya ɗauka ya busa, ya goge a riga, ya mayar. Sannan ya lallaɓa ya sauko.

Rediyo na tsaye a gindin tsani, fuskarsa ta yi toka. Ya ɗaga hannunsa na dama yana kallonsa kamar na wani.

"Na ji ka, Yaya. Wallahi duk abin da ka faɗa na ji, ban rasa ko kalma ɗaya ba. Na san ba cewa ka yi in kawo ba. Muryarka kawai na ji daga sama, kafin in ankara hannun ya riga ya tura. Ina turawa na tuna, na ja."

"Na sani."

"Da ka mutu fa?"

"Da ka huta da kiran Dogo a ɓoye."

Ba wanda ya yi dariya. Wata tela ta kawo ruwa a kofi, wata ta yago farin ƙyalle mai tsabta ta naɗe masa yatsun. Hajiya ta cire tabarau ta mayar.

Ta ce, "Malam, a bar aikin nan haka. Ba na son a fitar da gawa daga shagona saboda rigar makaranta. Ku je asibiti, a kira wancan ɗin ya ƙarasa."

Rediyo ya riga ya ciro wayarsa daga aljihu. "Shi ke nan, Yaya, magana ta ƙare. Ba laifinka ba ne, nawa ne, na yarda. Amma ni ban yarda da hannun nan ba kuma. Gobe ka yi tari a sama in sake turawa. Ko dai ka koma sa abu a baki, ko ka sauka."

Jemage ya shanye ruwan ya ajiye kofin a kan keke. Ya dubi ƙaninsa. Gaskiya ya faɗa: abin da hannu ya yi shekaru yana yi ba ya bari don an yi masa faɗa sau ɗaya. Shi ma bai yarda bakinsa zai yi shiru ba, tunda ya gano hanya.

Ya taka zuwa akwatin wutar, ya tabbatar hannun makunnin yana ƙasa, ya buɗe murfin. Ya zare fis ɗin ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihun wandonsa, ya rufe murfin.

Ya ce, "Yanzu tura. Tura har ka gaji."

Rediyo ya dubi akwatin, ya dubi aljihun. "To in ka gama wa zai mayar?"

"Ni."

"Ka sauko ka mayar, in bai yi ba ka cire ka sake hawa? Da wannan gwiwar?"

"Da ita."

"To ni me zan yi?"

"Riƙe tsani. Kuma ka mayar da wayar nan aljihu."

Rediyo ya tsaya da wayar a hannu. Telolin duk sun zuba musu ido. Ya mayar da ita, ya zo ya kama tsanin da hannu biyu.

Aikin da a da ba ya kai shan shayi ya cinye sauran hantsin har rana ta take. Jemage ya gama haɗin da yatsu uku masu lafiya, ya sauko, ya sa fis, ya tura makunni. Layin gaba ya kawo, na baya ya kawo rabi. Ya ja makunni, ya zare fis, ya hau. Akwai wani haɗin a can ƙurya, inda kwano ya kusa taɓa katako, sai da ya kwanta rub da ciki. Ya gyara, ya sauko, ya gwada, soket ɗin ƙarshe ya ƙi. Ya sake hawa. A wannan hawan sai da ya tsaya a tsakiyar tsani ya jingina goshi da ƙarfe, tocilar tana haska takalmin Rediyo.

"Yaya, in karɓi fis ɗin? Ka ce min 'sa' kawai, ba zan taɓa ba sai ka faɗa sau biyu."

"A'a."

Da ya sauko na ƙarshe ya tura makunni, kekunan baya suka ɗauka gaba ɗaya, fankoki suka fara kaɗa ƙurar da ta zubo. Teloli suka koma kujerunsu ba tare da kowa ya ce musu ba. Hajiya ta bi layin tana taɓa kowane keke, ta dawo ta tsaya a ƙarƙashin ramin da ƙafarsa ta yi, ta ɗaga kai.

"Wuta dai ta zo, sannu da ƙoƙari. Wannan tagar da ka buɗe min fa?"

"Gobe zan zo da allo in toshe."

"Kai da kanka?"

"Ni na fasa."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta gyaɗa kai ta wuce wurin masu guga.

Jemage ya zauna a matakin tsani na ƙasa. Rigarsa ta jiƙe ta manne, yatsun na zugi a cikin ƙyalle. Ya sa hannu ya kashe tocilar amma bai cire ta ba. Rediyo ya tattara filaya da salatif da guntayen waya ya zuba a jaka, ya rataya, ya zo ya tsaya a kansa.

"Dogo zai kira da yamma. Me zan ce masa?"

"Ka ce masa na hau."

"Sai kuma me?"

"Ka ce gobe ma zan hau."

Rediyo ya yi ajiyar zuciya. "Tashi mu je Auta ta duba hannun nan, kafin ta ji a bakin wani ta cinye ni ɗanye."

"Bari tukuna," in ji Jemage. Ya dafa gwiwa zai miƙe, ya fasa. "Ba ni minti kaɗan."

Rediyo ya sauke jakar, ya jawo wata kujerar tela da ba kowa, ya zauna kusa da shi suna jira ƙafafun Jemage su dawo.